Manhajar lissafin haraji kyauta: wa zai biya kuɗin, kuma za ta yi kasuwa a Kano?

Tun da sabuwar dokar haraji ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026 ake ta wata magana a tsakanin samarinmu masu harkar kwamfuta, wai ga dama ta samu, a buɗe ɗan ƙaramin kamfani a ƙirƙiri manhajar da za ta riƙa yi wa mutane lissafin harajin kuɗin shiga ta cike musu fom, kuma kyauta, ko sisi ba za a karɓa ba. Wasu na cewa ai da irin wannan sana'ar aka tara biliyoyin dala a Amurka, wasu kuma na cewa wane ne zai ɗauki sirrin cinikinsa ya zuba a waya da hannunsa ya tona wa kansa asiri. Tambayar dai biyu ce a haɗe, in abin kyauta ne daga ina kamfanin zai samu na biyan ma'aikata, sannan shi ɗan kasuwar Kwari ko ma'aikacin sakatariyar Audu Bako yana ma buƙatar abin kuwa?

Me manhajar take yi, me ba ta yi

Da yawa sun ɗauka manhajar ce za ta riƙa karɓar haraji, ko ita za ta riƙa cirar kuɗi daga asusun mutum. A'a. Aikinta bai wuce na akawun da ke zama a bakin ofis yana cike wa mutane takarda ba: ta tambaye ka nawa ka samu a shekara, nawa ka biya na haya, nawa aka cire maka na fansho, ta buga lissafi bisa doka ta ce ga abin da ake binka, ta fitar maka da fom ɗin da za ka miƙa. Kuɗin kuwa gwamnati za ka biya ba kamfanin ba.

Kuma wace gwamnatin? Nan ma akwai ruɗani. Harajin mutum a karan kansa, ma'aikaci ne ko ɗan kasuwa, na jihar da yake zaune ne, wato mu nan hukumar tara kuɗin shiga ta jihar Kano, KIRS. Harajin kamfani mai rajista da harajin VAT, wato wanda ake ɗorawa a kan farashin kaya, su ne na tarayya, hukumar da muka sani da FIRS wadda yanzu ta koma NRS. Duk wanda zai yi manhaja bai raba waɗannan biyun a kansa ba to tun daga tushe ya ɓata aikin.

Me ya sa maganar ta taso yanzu

Ranar 26 ga Yunin 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokokin haraji guda huɗu, waɗanda suka samo asali daga aikin kwamitin Taiwo Oyedele. Kowa ya tuna dambarwar da aka sha kafin nan, a 2024 gwamnonin Arewa suka fito suka ce ba su yarda da tsarin rabon kuɗin VAT ba, aka yi ta ja-in-ja har dai aka bar VAT ɗin a kashi 7.5 yadda yake. To amma abin da ya shiga kunnen talaka ba wannan ba ne, abin da ya shiga shi ne jita-jitar wai daga Janairu duk kuɗin da ya faɗo asusunka za a zaftare wani abu, har mutane suka koma rubuta "kyauta" ko "bashi" a wajen bayanin tiransifa don tsoro. Jami'an gwamnati sun sha fitowa suna cewa ba haka dokar ta ce ba, haraji a kan abin da ka samu yake ba a kan duk abin da ya ratsa ta asusunka ba, amma tsoro ya riga ya shiga.

Kuma tsoron nan yana da tarihi a garin nan. Dattawa suna tuna zamanin haraji da jangali, yadda ake kamen mutane a kan kuɗin da ba su da shi, shi ya sa har gobe ake yabon marigayi Abubakar Rimi da ya soke su bayan ya hau mulki a 1979 ƙarƙashin PRP. Saboda haka kalmar haraji a Kano ba ta da farin jini, wanda zai yi sana'a da ita sai ya san da haka.

Sai kuma ɓangaren da ba jita-jita ba. Doka ta ce mutum ya miƙa bayanin abin da ya samu a shekarar da ta wuce kafin ƙarshen watan Maris, masu ɗaukar ma'aikata kuma su miƙa na ma'aikatansu kafin ƙarshen Janairu. Wannan ba sabo ba ne, dama yana nan, kawai dai ba a bi ta kai ne. Yanzu da aka ce lambar NIN ita ce za ta zama lambar harajin mutum, lambar rajistar CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, kuma ta kamfani, ɓuya ta ƙara wuya. Wannan ce kasuwar da samarin suke hangowa.

Lissafin kansa ba wani abu ba ne

Ga yadda sabon tsarin yake. Naira dubu 800 na farko a shekara babu haraji a kai. Miliyan 2.2 da ke biye kashi 15, sai miliyan 9 na gaba kashi 18, miliyan 13 na gaba kashi 21, miliyan 25 na gaba kashi 23, duk abin da ya haura miliyan 50 kuma kashi 25. Kafin a fara lissafin ana cire abubuwa kamar kuɗin fansho, inshorar lafiya, gudummawar asusun gidaje, da kashi 20 na kuɗin hayar gidan da ka biya amma kar ya wuce dubu 500. An soke wancan tsohon rangwamen da ake yi wa kowa na bai-ɗaya.

Mu ɗauki mai albashin dubu 250 a wata, miliyan 3 kenan a shekara. A ce an cire masa dubu 240 na fansho, yana biyan hayar dubu 400 a Hotoro, kashi 20 ɗinta dubu 80 kenan. Saura miliyan 2 da dubu 680. Cire dubu 800 ɗin da ba a taɓawa, saura miliyan 1 da dubu 880, kashi 15 ɗinsa dubu 282, wato dubu 23 da 500 duk wata. Shi kenan fa. Mai mafi ƙarancin albashi kuwa, dubu 70 na tarayya ko dubu 71 na Kano, in aka cire fansho ma bai kai layin ba.

Ka ga wannan lissafin ɗalibin BUK ɗan aji biyu zai rubuta shi a yini guda. Shi ya sa nake ganin duk wanda ya ce kamfaninsa gaba ɗaya a kan wannan zai tsaya, to bai da kamfani, kalkuleta gare shi, kuma gobe wasu goma za su yi irin tasa.

Yadda "kyauta" ta kaya a Amurka

Tunda da Amurka ake kafa hujja bari mu ga abin da ya faru a can, don labarin ba yadda ake ba da shi yake ba.

A can kusan duk mai samun kuɗi sai ya cike fom ya aika wa hukumar harajinsu IRS, yawanci kafin 15 ga Afrilu, kuma dokokinsu na da sarƙaƙiya ga na tarayya ga na jiha. Abin da ke sa su rige-rigen cikewa shi ne mafi yawansu kuɗi ake dawo musu da shi, saboda abin da aka riƙa cira daga albashinsu ya fi abin da ake binsu. To a nan kamfanoni irin su Intuit mai manhajar TurboTax da H&R Block suka yi ƙiba.

A 2002 aka ƙulla wata yarjejeniya da ake kira Free File, kamfanonin suka ce za su bai wa masu ƙaramin ƙarfi manhaja kyauta, ita kuma IRS ta yarda ba za ta yi tata manhajar ba. Wato kyautar nan tun farko ba don Allah aka yi ta ba, an yi ta ne don a tare gwamnati kar ta shigo kasuwar. A 2019 'yan jaridar ProPublica suka bankaɗo cewa Intuit ya ɓoye shafin kyautar na gaskiya yadda Google ba zai nuno shi ba, mutum ya zo neman kyauta a tura shi wani shafin mai kama da shi, ya gama zuba bayanansa kaf sai a ce masa ai irin naka sai ka biya. A 2022 kamfanin ya yarda zai biya dala miliyan 141 don a sasanta da jihohin ƙasar, aka raba wa mutum sama da miliyan 4. Kafin nan ma H&R Block ya fice daga yarjejeniyar a 2020, Intuit ya bi shi a 2021.

Akwai waɗanda suka yi kyautar da gaske. Credit Karma ya yi manhajar haraji da ba a biyan komai, amma shi sana'arsa tallata wa mutane katin bashi da rance ce, kuma ba abin da ya fi fom ɗin haraji nuna maka ƙarfin aljihun mutum. Da Intuit ya zo sayen Credit Karma a 2020 a kan dala biliyan 7 da wani abu, sai ma'aikatar shari'ar Amurka ta ce sai an ware ɓangaren harajin, aka sayar wa wani kamfanin hada-hadar kuɗi mai suna Square a kan dala miliyan 50, shi ne ya koma Cash App Taxes, su kuma ribarsu ita ce kuɗin da aka dawo maka da shi ya sauka a asusunsu ka zama kwastomansu. FreeTaxUSA kuwa nasa a fili yake, fom ɗin tarayya kyauta na jiha ka biya ɗan wani abu. Ita kanta IRS ta gwada tata mai suna Direct File a 2024 a jihohi 12, aka faɗaɗa a 2025, daga baya gwamnatin Trump ta dakatar da ita.

In ka duba duka za ka ga babu wanda ya rayu da kyauta zalla. Ko dai a caje ka daga baya, ko a sayar maka da wani abin, ko bayananka su zama hajar.

Abin da ya bambanta Kano

Na farko, mu nan ba wanda ke cike fom yana jiran alat ya shigo. Ba'amurke yana buɗe manhajar ne da murnar za a dawo masa da kuɗi, ɗan Kano kuwa in ya buɗe abin da zai gani shi ne ana binsa. Wannan kaɗai ya isa ya kashe duk wani lissafin da aka kwafo daga can.

Sannan ma'aikacin gwamnati ko na banki ko na kamfani an riga an cire nasa tun kafin albashi ya shigo, shi ne PAYE ɗin da yake gani a takardar albashi. Shi amfanin da manhajar za ta yi masa shi ne ya duba ko an cire daidai, ko an saka masa rangwamen haya, ko kuma in yana da wata sana'a a gefe ya haɗa. Amfani ne amma ba wanda zai sa ya zaro kuɗi ya biya ba.

Inda aikin yake na gaske shi ne wajen 'yan kasuwa, Kwari, Singa, Sabon Gari, Dawanau, Farm Centre, Ƙofar Wambai. Kuma matsalarsu ba ta kashi nawa za a cire ba ce, matsalarsu ita ce ba su da lambar da za a cire kashin daga cikinta. Ɗauki mai sayar da atamfa da kuɗin da suka shigo hannunsa a shekara suka kai miliyan 40. Kaya ya saro na miliyan 35, hayar shago da dako da kuɗin yara da na janareta sun ci miliyan 2 da rabi, ribarsa miliyan 2 da rabi. Harajinsa a kan ribar dubu 255 ne. Amma da za a ɗauki miliyan 40 ɗin nan a ce duk samu ne, lissafin zai haura miliyan 8. Tsakanin dubu 255 da miliyan 8 ba abin da ke tsaye sai rubutu, rasit ɗin sari, littafin shiga da fita. Wanda ba shi da su kuwa doka ta ba hukuma dama ta yi masa ƙiyasi, kuma ƙiyasi ba kasafai yake yi wa mai shago daɗi ba.

To ga yadda cinikin namu yake, wani kuɗin ya shigo ta Moniepoint ɗin shago, wani ta Opay ɗin yaron shago, wani hannu da hannu, wani kayan ma ba naka ba ne na maigida ne ka karɓo in ka sayar ka mayar, ga bashin da ka bayar sai bayan sallah, ga kuɗin adashi, ga na ƙaninka da ya turo daga Saudiyya a kai wa Hajiya, duk a asusu ɗaya. Manhajar da za ta iya zama da mutum kullum ta ware masa wannan daga wancan, da Hausa, har da murya ga wanda boko bai zauna masa ba, tana aiki ko babu data, ita ce mai daraja. Fom ɗin Maris ɗan ƙaramin abu ne da zai fito daga ƙarshe.

Wani abin da ban ga ana kawowa ba a wannan muhawarar shi ne 'yan kasuwarmu dama suna lissafin shekara, na zakka. Da yawa in azumi ya gabato suna ƙirga kayan shago da kuɗin hannu da bashin da ake sa ran dawowarsa. Zakka daban haraji daban, ita a kan dukiyar da ta shekara take shi kuma a kan riba, kar ma a haɗa su. Amma littafin da zai ba ka amsar ɗaya shi zai ba ka ta ɗayan, kuma mutum zai fi sakin jiki da manhajar da ta zo masa ta ƙofar taimaka masa ya san ribarsa da zakkarsa a kan wadda ta yi sallama da sunan haraji.

To daga ina kuɗin zai fito

Hanyar da ta fi tsafta a ganina ita ce lissafi da fom na mutum ɗaya su zama kyauta har abada, a faɗa a fili, sannan a caji abin da ke buƙatar ɗan'adam. Misali akanta ya duba maka kafin ka miƙa, ko a bi maka takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku da ake nema wajen kwangila da wasu harkokin gwamnati, ko a raka ka in hukuma ta aiko maka da ƙiyasin da ba ka yarda da shi ba. Sai kuma makarantu masu zaman kansu da asibitoci da gidajen mai da ke da ma'aikata ashirin talatin, waɗanda dole duk wata su cire PAYE su tura kafin 10 ga watan gaba, waɗannan za su biya kuɗin wata-wata da daɗin rai don ciwon kai ne a gare su. Su ne za su ɗauki nauyin masu kyautar.

Hanya ta biyu ita ce ta Credit Karma, a haɗa kai da masu ba da rance. Akwai kuɗi a ciki ba ƙarya, don wanda ke da littafin cinikin ɗan kasuwa na shekara ya fi banki sanin ko zai iya biya. Amma a Kano kana fara turo wa mutane tallan bashi mai ruwa ka gama da sunanka, sai dai in da bankunan da ba sa harkar ruwa irin su Jaiz ko TAJ za a yi, kuma ko da su ɗin sai da izinin mai bayanan.

Ta uku ita ce kwangila da gwamnati, hukuma ta biya ka a kan duk wanda ka shigo da shi. Wannan ita ta fi saurin kawo kuɗi kuma ita ta fi haɗari, domin ranar da aka ji a kasuwa cewa hukumar haraji ce ke biyanka to ka zama ɗan leƙen asiri, ko da kuwa ba ka taɓa miƙa bayanin kowa ba. Ga kuma canjin gwamnati, wanda ya ba ka kwangila yau gobe ba shi ne a kujerar ba.

Akwai masu cewa ma bai kamata wannan ya zama sana'ar 'yan kasuwa ba sam, gwamnatin da ke son a biya ta ita ya kamata ta sauƙaƙa hanyar, kamar Estoniya inda mutum ke tarar da fom ɗinsa a cike ya duba kawai ya danna. Suna da gaskiya, kuma FIRS ma ta fito da shafinta na miƙa bayanan haraji ta intanet, TaxPro Max, tun 2021. Wannan kuma gargaɗi ne ga mai shirin buɗe kamfanin, in duk abin da kake yi cike fom ne, ranar da shafin hukuma ya gyaru ka tashi aiki. Abin da hukuma ba za ta taɓa iya yi ba shi ne ta tsaya a ɓangaren mai biya.

Kafin a buga tambari

Rajistar CAC ita ce mai sauƙin. Mai nauyin ita ce dokar kare bayanan jama'a ta 2023 da hukumarta NDPC, don abin da za ka tara ba wasa ba ne, NIN ɗin mutum, samunsa, hayarsa, sunayen masu binsa bashi. In aka yi kutse aka kwashe wannan, a yanayin da ake ciki na garkuwa da mutane, ba maganar tara kaɗai ake ba maganar rayuka ce. Ni da za a bi tawa, bayanan su zauna a wayar mai su, kar su tafi ko'ina sai ya danna da kansa.

Sannan rubuta manhaja daban, ba da shawarar haraji daban. Wannan fagen 'yan CITN da ICAN da ANAN ne, wato ƙungiyoyin ƙwararrun haraji da akantoci, kuma sabuwar dokar ta zo da batun tantance wakilan haraji, don haka dole a cikin masu kamfanin ko ma'aikatansa a samu mai takardar. Dole kuma a zauna da KIRS a ji ta wace hanya za su karɓi abin da manhajar ta fitar, in ba haka ba mutum zai gama cikewa a waya ya je ofis a miƙo masa wani fom ɗin ya sake daga farko. A kuma rubuta ƙarara wa zai ɗauki asara in manhajar ta yi kuskure aka ci mutum tara, domin a wajen hukuma mai sunan da ke kan fom shi ne mai laifi ba kwamfuta ba.

Ga kuma yanayin kasuwar, cunkoso daga Janairu zuwa Maris sannan wata tara shiru, albashin ma'aikata kuwa ba ya shiru. Dokar kamfanonin fasaha masu tasowa ta 2022 ta tanadi wasu rangwame ga wanda ya samu shaidar da ake bayarwa ƙarƙashinta, yana da kyau a nema, amma ba ita za ta biya haya a Zoo Road ba.

Kai kuma mai amfani, duk manhajar da aka turo maka a WhatsApp aka ce kyauta ce, kafin ka saka NIN ɗinka tambayi wa ke da ita, yana da rajista, ina ofishinsa, da me yake cin abinci, kuma in ka ce a goge bayananka za a goge. In ta nemi lambar sirrin katinka ko lambar da banki ke turowa ta tes, rufe ta nan take, lissafin haraji ba ya buƙatar ko ɗaya daga ciki. In lokacin biya ya yi kuma ka biya ta hanyar da hukuma ta tanada ka karɓi rasit da sunanka, ba asusun wani kamfani ko wani mutum ba.